Ɗigon Ruwa a Shagon Gwanjo

Mahaifiyata ba ta taɓa biyan kuɗin da aka fara faɗa mata ba. Mu a gida Inna muke ce mata, amma a layin 'yan gwanjo ba wanda ya san wannan sunan. Can Goggo Ragi ake kiranta, ita ma kuma ta karɓi sunan hannu bibbiyu. Tun ina ƙarama nake binta, har na haddace yadda take yi. Za ta ɗauki abu kamar ba da gangan ba, ta juya shi, ta kifa, ta ƙwanƙwasa da farce, har sai ta gano aibunsa. Da ta gano sai ta yi ɗan tsaki, ta ajiye, ta tambayi kuɗi tana kallon wani wuri daban. Ko nawa aka ce, dariya take fara yi. In mai kaya ya ce albarka, sai ta juya ta kama hanya, tafiyar hawainiya, kunnenta na baya. Da wuya ta kai bakin layi ba a kira ta ba.

Kusan duk abin da muka tashi muka gani a gidanmu wani ya riga mu mora: kujerun falo, agogon bango mai gaggawa, labulaye, dutsen guga, har takalman da muka yi makaranta da su. Inna ba ta jin kunyar wannan ko kaɗan. Takan ce gwanjo amana ce tsakanin mai shi da marar shi, wancan ya gaji da abu, wannan ya same shi cikin sauƙi, kowa ya kwana lafiya. In wata maƙwabciya ta yi mata gori da cewa araha ba ta ado, sai ta ce, "Ai ba ado na je saya ba, kujera na je saya."

Ciwon gwiwa ya zaunar da ita a gida tsawon shekaru, ba ta ko leƙa layin ba. Sai da na koma sabon gida da yarana, ina cikin hira na ce ina neman kabad ɗin da zan jera kwanuka. Ta miƙe zumbur kamar an tsikare ta.

"Kada ki kuskura ki je wurin kafinta," ta ce. "Miƙo mini sandata. Shagon Tsoho za mu."

"Inna, Tsoho ai ya rasu. Ɗansa ne a shagon yanzu."

"Dogo? Wanda na sha goge wa majina? To ai abin ya zo da sauƙi."

Da muka isa sai da ta wuce shagon, ta dawo, ta tsaya tana dubansa. Wanda ta sani rumfa ce mai duhu, kaya jibge har rufi, sai mutum ya yi tono kamar kaza kafin ya sami abin da yake so. Yanzu an sa ƙofar gilashi, an shimfiɗa tayil, fitilu na ci da rana tsaka. Riguna a rataye ɗaya-ɗaya kamar a kantin sababbi, an fesa turare ya danne warin nan na dilar tsofaffin tufafi. Kowane abu da 'yar takarda a maƙale, an rubuta kuɗinsa. A gefe wasu 'yan mata biyu na gwada wata tsohuwar jaket da gwiwar hannunta ta goge, ɗaya na ɗaukar ɗaya hoto da waya.

Dogo ya taso da sauri, ya rusuna ya gaishe ta, ya jawo mata kujera. Ya zama magidanci, har da ɗan tumbi. Ta yi masa gaisuwar mahaifinsa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna wani kabad da sandarta. Ƙofarsa ɗaya ta saki, ƙafa ɗaya kuma ba tasa ba ce.

"Karanta mini takardar nan," ta ce da ni.

Na karanta. Ta ce in sake, na sake. Kuɗin ya kusa kamo na sabo. Ba ta yi dariyar da ta saba ba. Ta dubi Dogo daga sama har ƙasa.

"Ɗan nan, da kwanukan zinariya a ciki ake sayar da shi?"

"Goggo, katakon da ne. Yanzu ba a samun irinsa."

"Ni ma ta da ce, ba a samun irina. Nawa za ka rubuta ka maƙala mini?"

'Yan matan suka tuntsire da dariya. Dogo ma ya yi, sannan ya durƙusa kusa da kujerarta ya rage murya.

"Wallahi Goggo ba son raina ba ne. Dilar da Baba ke ɗauka, kuɗinta ya ninka ya sake ninkawa. Mai gida ya ƙara haya. Kuma in na sa abu da araha, ba talaka ke samu ba. Da sassafe wasu ke zuwa su kwashe, kafin rana ta take sun sa a waya sun sayar da tsada. Kin ga waccan jaket ɗin? Da Baba ne, kyauta zai ba maigadi. Yau saboda tsufanta ake sonta. In sabuwa ce ko kallo ba ta ishe su ba."

"To mu da babu ce ke kawo mu, ina za mu?"

Dogo ya sosa ƙeya.

Inna ta miƙe ta shiga zaga shagon, ina biye ina karanta mata takardu. Fanka, tukunya, rediyo, wani takalmi da dunduniyarsa ta cinye gefe ɗaya. Duk wanda na faɗa sai ta girgiza kai kamar mai zagayen ta'aziyya. "Kaya sun tsufa," ta ce, "kuɗinsu ya koma ƙuruciya." A haka muka kai wurin taga, inda wani akwatin katako ke buɗe a kan tebur. A gabansa an tsayar da wani abu na tagulla, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, bututu ne a kan ƙafa mai nauyi, da ɗan madubi zagayayye a ƙasa.

"Wannan kuma fa? Turmin aljanu ne?"

Na duba takardar, na sake dubawa don kada in yi ƙarya. Kuɗinsa ya fi na firjin da ke tsaye kusa da shi. A nan ne dariyar Inna ta ɓalle, har sai da ta dafa kafaɗata.

"Madubin likita ne, Goggo," in ji Dogo. "Irin wanda ake duba abin da ido ba ya gani. Na wani tsohon likitan dabbobi ne. Da ya rasu 'ya'yansa suka sayar mini da kayan gidan gaba ɗaya."

"Me zan yi da abin da ido ba ya gani? Wanda nake gani ma ya ishe ni."

"Ki dai leƙa. Leƙe kyauta ne."

"Kyauta? A shagon nan? Maza kawo kafin ka canza shawara."

Ya nemi izini ya zari zare ɗaya daga bakin mayafinta inda ya fara zarewa. Ya ɗora shi a kan wani ɗan fallen gilashi, ya tura ƙarƙashin bututun, ya karkata madubin har ya kamo hasken taga. Ya leƙa, ya ɗan murza wani dunƙulen ƙarfe a gefe, sannan ya matsa. Inna ta ba ni sandarta, ta sunkuya. Da farko idon da za ta duba da shi ta rufe, muka yi mata dariya, ta harare mu ta gyara.

Sai ta ƙame a wurin. Ta daɗe a sunkuye har na zaci jiri ne ya ɗebe ta.

"Wa ya sa igiya a ciki?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Zaren mayafinki ne, Goggo."

Ta ɗago, ta leƙa gilashin ta gefe. Zaren na nan kwance, da ƙyar ake ganinsa. Ta koma ta sa ido.

"Igiya ce, Dogo, irin ta ɗaure saniya. Kuma ba ɗaya ba ce, an tufka ta da wasu ƙanana, kowace da nata gashin. Ikon Allah. Ke, zo ki gani, ke da kike cewa ke tela ce."

Na leƙa. Ni da zare ke hannuna tun safe har yamma, nake tsinka shi da haƙori, nake lasar bakinsa in zura a allura, ban taɓa sanin kamanninsa ba sai ranar. Ga shi a murɗe, haske na ratsa shi, shuɗin da nake ɗauka launi ɗaya ne ashe wani wuri ya kama sosai, wani wuri kamar ruwan sama a kwano.

Dogo ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ɗan ƙullin gishirin da yake cin abincin rana da shi, ya barbaɗa kaɗan a wani gilashin. Inna ta ture ni ta koma.

"Tubala ne," ta ce a hankali. "Masu kusurwa, kamar magini ya auna ya yanka. Har ana ganin cikinsu. Wa ya yanka su haka?"

"Haka suke, Goggo."

"Duk gishirin da na zuba a tukunya tun ina yarinya, haka yake?"

"Haka yake."

"Kuma ba wanda ya gaya mini."

Muka bar shagon ba kabad. Ba ta taya ba, ba ta yi tafiyar hawainiyar nan ba, ko sallama sai da na tuna mata. Muka shiga motar haya. Gefen mayafinta ta riƙe tana murzawa tsakanin yatsu har muka sauka.

Tun daga nan gwiwar da ta hana ta zuwa ko'ina ta daina hana ta zuwa shagon Dogo. Takan tafi da hantsi, lokacin da rana ke faɗowa a tagar, da ɗan hankici ƙulle a kusurwa huɗu, kowace kusurwa da abin da ke ciki. In ta dawo sai ta biyo ta shagona, ta zauna kusa da keken ɗinki ta ba ni labari, ina taka keke ina ji. Gashin kaza, ta ce, ashe ƙugiyoyi ne ƙanana suka riƙe juna, shi ya sa in ka shafa shi yake komawa ya haɗe. Ɓawon albasa katanga ce, an jera tubala, kowane tubali da ɗigo a cikinsa. Fiffiken ƙuda kuwa taga ce mai gilasai da yawa, har ta ce ta ji nauyin kashe shi, ko da yake ta ci gaba da kashewa. Wata rana ta tsige furfurarta ɗaya, ta sa ƙaramar 'yata ta ba ta baƙin gashi ɗaya, ta kai aka jera su. Ta dawo tana murmushi ita kaɗai.

"Ashe furfura ba fara ba ce," ta ce. "Haske ne ke wucewa ta cikinta. Ki daina ce mini na tsufa, wayewa na yi."

Ni kuwa na gaji da ajiye kwanuka a ƙasa, na saci jiki na je wurin kafinta ya yi mini sabon kabad. Da ta zo gidana ta gan shi na shirya shan faɗa. Ta shafa shi, ta ce Allah ya sa albarka. Ko kuɗinsa ba ta tambaya ba. Abin ya fi faɗan tayar mini da hankali.

Dogo bai taɓa nuna ya gaji da ita ba. Ya ajiye mata kujera a bakin tagar, in ta shigo sai ya ce, "Ga likita ta iso." Mutanen layin suka fara tsayawa. Mai gyaran takalmin da ke ƙofar shagon ya kawo guntun fata, matar da ke sayar da labulaye ta kawo ƙwayar sukari, har masu zuwa sayayya sukan bi layi. Inna ce ke tsara su. "Ido ɗaya za ka rufe, ba wannan ba, ɗayan. Kada ka taɓa. Numfashinka ma ka rage." Kowa ya ɗago sai ta tsare shi da ido, tana jiran abin da zai ce, kamar ita ta ƙera abin da ya gani.

Wata safiya ta zo shagona da 'yar kwalbar magani a hannu, da wani koren ruwa a ciki.

"Rufe shagon nan ki zo. Dogo ya ce in kawo ruwan da ya kwana, ya ce shi ne babban. Ba na son in gani ni kaɗai."

Ruwan daga wani tsohon gwangwani ta ɗebo, wanda ke ƙarƙashin famfon bayan gida yana tarar ɗiga, duk gansakuka ta kama shi. Dogo ya tsoma tsinke ya ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ya rufe da wani fallen da ya fi farce siranta. Ya leƙa, ya murza, ya ce "Kai!" sannan ya matsa mata.

Inna ta sa ido, sai ta yi baya da sauri har kujera ta faɗi.

"Akwai masu rai a ciki!"

Ta dafe ƙirji, ta dube mu, ta koma a hankali kamar mai leƙa ɗakin da baƙi ke ciki.

"Ga su nan. Innalillahi, ga su nan suna ta kai-kawo. Ga wani kamar silifas, jikinsa duk gashi, da shi yake tuƙi. Ya yi karo da ciyawa, ya ja da baya, ya canza hanya. Dogo, ya san hanya! Ga wani kuma kamar ƙararrawa a kan igiya, ya miƙe, ya miƙe, ya tsorata ya koma. Me ya tsorata shi? Ga wasu ƙanana kamar an watsa gero, ba sa zama. Kasuwa ce, wallahi kasuwa ce guda."

Ta bar ni na leƙa, amma hannunta na kan kafaɗata tana ɗokin in tashi. Abin da ta faɗa duk gaskiya ne, kuma faɗar ba ta kai shi ba. Fili ne mai haske, mai faɗi, da korayen zaruruwa kamar itatuwa, halittu na wucewa ta tsakaninsu, kowa da sabgarsa, ba wanda ya san muna tsaye a kansa. Na ɗago na dubi ɗigon, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Inna ta koma ta zauna a kai. Ruwan ya fara bushewa, Dogo ya ƙara ɗigo ta gefe. Can sai ta ɗaga hannu.

"Ku yi shiru. Wani ba shi da lafiya. Mai kama da silifas ɗin nan, tsakiyarsa ta tsuke kamar an ɗaure shi da zare."

Mai gyaran takalmi ya shigo da guduma a hannu ya tsaya. Muka daɗe a haka, tana ba mu labari da raɗa. Yana ƙara tsukewa. Gaba na ja, baya na ja. Saura ƙiris. Sai ta saki wani sauti da ban taɓa jin ta yi ba.

"Ya rabu. Ya zama biyu. Kuma duka biyun suna da rai, kowa ya kama gabansa."

Ta ɗago, idanunta sun cika da ƙwalla.

"Ba naƙuda, ba ungozoma. To wace ce uwar, wace ce 'yar?"

Mai gyaran takalmi ya ce, "Allah mai iko," ya juya ya fita a hankali kamar daga masallaci. Daga ranar Inna ta hana kowa zubar da gwangwanin nan, amma ruwan sha kuwa sai ta tafasa shi ya yi ta ɓararraka kafin ya shiga bakin jikokinta.

Ba a daɗe ba ta ce mini ta yanke shawara za ta taya madubin. Na raka ta don in ga yadda za a kwashe. Ta shiga da fuskar Goggo Ragi, ta ɗauke shi da hannu biyu, ta juya shi. Aibu kam akwai. Tagullar ta dushe, gefen madubin ya ɗan tsage, makullin akwatin ya karye. Na ga idonta ya sauka a kan tsagar, na ga ta haɗa leɓe za ta yi tsakin nan. Sai ta tsaya. Ta mayar da shi kan tebur a hankali, ta goge inda yatsunta suka taɓa da gefen mayafi.

"Ba zan iya ba," ta ce. "Ciniki sai ka raina kaya, ni kuwa bakina ya ƙi. Dogo, gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah, nawa ne ƙarshensa?"

Ya faɗa. Ya rage sosai, na san har ya taɓa uwar kuɗinsa. Duk da haka ko kusa ba mu kai ba, ko mun haɗa nawa da nata. Ta ce za ta kawo kujerun falonta da agogon bango a yi musaya. Dogo ya sunkuyar da kai.

"Goggo, in na karɓi kujerunki a ina za ki zauna? Ki bar shi a nan. Muddin yana shagon nan, naki ne."

"Muddin," ta ce, ta gyaɗa kai. Ta san kasuwa, ba ta yi masa gardama ba.

Mai sayen ya zo wata rana muna nan. Mutum ne mai ƙiba da tsadadden agogo, ya ce otal yake buɗewa, yana neman tsofaffin kaya na ado da zai jera a wurin karɓar baƙi. Ya nuna wata tsohuwar fitila, ya nuna rediyo, ya nuna madubin. Ya dubi takardar sau ɗaya, ya ciro waya ya tura kuɗin. Bai taya ba, bai nemi ragi ba. Dogo ya saci kallon Inna, fuskarsa kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Naɗe masa," ta ce. "Kana da iyali." Sai ta juya wurin mutumin. "Amma bawan Allah, ka leƙa kuwa?"

"Leƙa me, Mama? Ado zan yi da shi."

"Ka sayi taga ka ce ba za ka duba waje ba? Zo nan. Ba za ka fita da shi ba sai ka gani."

Ya dubi agogonsa, ya yi dariyar ladabi, ya zo don kada ya saɓa wa tsohuwa. Ita da kanta ta ɗiga ruwan, ta karkata madubin, ta murza. Hannunta ya riga ya ƙware. Mutumin ya sunkuya da niyyar ya ɗago nan take, sai ya ƙi ɗagowa. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, bai kula ba. Da ya miƙe, murya ƙasa-ƙasa ya tambaya, "Daga ina aka samo waɗannan?"

"Daga bayan gidana," in ji Inna. "Kai ma akwai su a naka."

Ya ce ta zo otal ɗin duk lokacin da ta so. Sau ɗaya muka je. Muka sami madubin likitan cikin akwatin gilashi a kulle, da fure a gefensa, an goge tagullar tana ta walƙiya, amma ɗan madubin da ke ƙasansa na kallon bango. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta ce makullin na wurin maigida, shi kuma ya yi tafiya. Inna ta tsaya ta dube shi, ta ce, "Ya yi kyau," muka juyo. Ba ta sake maganar ba, kuma ba ta sake komawa layin gwanjo ba sai jefi-jefi, don gaida Dogo.

Bayan wasu watanni jiri ya dame ta, na kai ta asibiti, likita ya ce a gwada jininta. Muka shiga ɗan ɗakin gwaji, wata ma'aikaciya mai farar riga ta soki yatsanta, ta shafa jinin a fallen gilashi. Inna ta bi hannunta da kallo har zuwa kan tebur. Can ga wani madubin a zaune, fari, mai wurin ido biyu da fitilarsa a ciki. Na ji ta damƙi hannuna.

"'Yar nan," ta ce da ma'aikaciyar, "in kin gama aikinki, ki taimaka ki bar ni in leƙa."

"Mama, ba a cika bari ba. Kuma ba za ki gane komai ba."

"Ba sai na gane ba. Gefen nan ake murzawa, ko? In ya yi hazo a dawo da shi baya kaɗan."

Matar ta dube ta, ta dube ni, ta yi dariya. Ta leƙa ƙofa, ta ga ba kowa a layi. Ta ɗauki sabon gilashi, ta matsa yatsan Inna ta sami wani ɗigon, ta rufe shi, ta daidaita, ta jawo mata kujera.

Inna ta sa idanunta biyu. Na ga kafaɗunta sun sauka a hankali.

"Ƙananan faifai," ta ce. "Ba iyaka. Suna tafiya tare, suna jeruwa, suna rabuwa. Ba ma ja ba ne sosai, kamar ruwan zuma. 'Yar nan, duk waɗannan nawa ne?"

"Naki ne, Mama. Wannan ɗigo ɗaya ne kawai. Su ke kai iska ko'ina a jikinki."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ki."

"Ba hutu?"

"Ba hutu."

Ta daɗe tana kallo. Ma'aikaciyar ba ta katse ta ba, ta ma daina rubutun da take yi ta tsaya tana kallon Inna. Daga ƙarshe ta ce jinin ya ɗan yi ƙasa, ba abin tsoro ba ne, magani da abinci mai kyau za su gyara.

Muka fito, Inna na riƙe da auduga a yatsa, ta ɗaga shi sama kamar mai ɗauke da abin fashewa. Na tsayar da mota, ta ce a'a, mu ɗan taka. Muka bi gefen titi a hankali, mutane na wuce mu, masu sauri da masu waya a kunne, da wata mata mai goyo. Duk wanda ya wuce sai ta bi shi da ido.

"Kowannensu haka cikinsa yake," ta ce, "kuma dubi yadda suke tafiya, ko a jikinsu."

Da muka kai kantin magani ta miƙa takardar likita, ta zauna a benci, ta ce in tambaya ko da ruwan ɗumi ake sha ko da na sanyi.